Yadda Ake Zaɓen Fitilar Ƙaramin Akwatin Murjani a Gida

Mutanen Gwarzo da Kabo ba baƙin kifi ba ne. Daga madatsar ruwa ta Guzu-Guzu da ke Kabo zuwa ta Challawa da ke Ƙaraye, masunta na kamo karfasa da tarwaɗa, matasa kuma sun rungumi kiwon tarwaɗa a tankunan siminti da na roba a bayan gida. Abin da bai yaɗu ba shi ne ajiye akwatin gilashi mai ruwan gishiri a falo, da ƙananan kifaye masu launi da murjani mai rai a ciki. Duk wanda ya ga irinsa a waya ko a wani otal sha'awa ta kama shi, to ya sani tun farko cewa da hasken fitila murjani yake ci, kuma a wajen zaɓenta ake gyarawa ko a ɓata.

Murjani wata ƙaramar dabba ce da ke zaune wuri guda. A cikin naman jikinta akwai ƙwayoyin gansakuka waɗanda ido ba ya gani, su ne ke sarrafa haske ya zama abinci, su ba ta kaso mafi tsoka. Tamkar manomi ne da gonarsa ke cikin jikinsa. Jan murjanin Bahar Rum, wanda iyayenmu mata ke ado da shi, ba ya da waɗannan ƙwayoyi, a inuwa ma yake rayuwa. Wanda ake kiwo a akwati kuwa, na tekuna masu ɗumi ne, inda rana ke ratsa ruwa.

Mataki na farko: zaɓi murjani kafin fitila

Kada ka sayi fitila sai ka yanke shawarar abin da za ta haska. Masu kiwo na auna hasken da ke isa jikin murjani da ma'aunin da ake kira PAR. Murjani mai laushi, irin mai kama da laimar kwaɗi, yana wadatuwa da 50 zuwa 150. Mai ƙashi da manyan bakuna masu tsoka yana son matsakaici. Mai rassa kamar ƙaho, irin su Acropora, sai 200 zuwa 350, kuma ba ya jure ƙaramin kuskure. Sabon shiga ya tsaya a kan mai laushi, domin fitilarsa ta fi sauƙin kuɗi, ta fi ƙarancin cin wuta.

Mataki na biyu: auna akwatin

Ɗauki awo ka san tsawo da faɗi da zurfi. Ƙaramin akwati yakan ci lita 40 zuwa 80, zurfinsa santimita 30 zuwa 40. Haske na raguwa gwargwadon zurfi, don haka abin da ya ishi murjanin da ke saman dutse ba lalle ya ishi na kan yashi ba. Fitilar LED guda mai ƙarfin wat 20 zuwa 40 takan wadatar da akwatin da bai wuce santimita 45 ba a kowane ɓangare. Idan tsawonsa ya haura santimita 60, nemi doguwa ko ka jera biyu, don kada tsakiya ta yi ƙuna gefe ya zauna a duhu. Rataye ta kamar santimita 20 sama da ruwa, hasken ya bazu, feshin gishiri kuma ya rage kai mata.

Mataki na uku: duba launin haske

Ruwan teku na shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa. Shi ya sa gansakukar da ke jikin murjani ta fi amfana da shuɗi. A jikin kwalin fitila za ka ga an rubuta lamba da harafin K. Ta murjani takan kasance 10,000 zuwa 20,000, ƙwan ɗaki kuwa 2,700 zuwa 6,500 ne. Idan ka ɗora ƙwan ɗaki a kan akwati, koriyar gansakuka ce za ta mamaye gilashi da duwatsu, murjani kuma ya yi ta dusashewa. Nemi wadda ke da layin shuɗi da layin fari daban-daban, kowanne ana iya ƙara shi ko a rage. 

Mataki na huɗu: yi lissafi da zafin garinmu

A nan ne mai kiwo a Gwarzo ya bambanta da na Turai. Murjani na son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27. Idan ya haura 30 ya kwana biyu a haka, sai dabbar ta kori gansakukar jikinta, ta koma fari fat, yunwa ta kashe ta. Abin da ya sami babban tsaunin murjani na gaɓar Ostareliya ke nan a 2016 da 2017. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan kai digiri 40, kuma ƙaramin akwati ba ya jimawa yake ɗaukar zafi. Saboda haka tsohuwar fitila mai ƙwan halayid, mai zafi kamar me, ba tamu ba ce. Dogon ƙwai na T5 yana aiki, sai dai ana sauya shi kusan duk shekara. LED ce ta fi dacewa, kuma a zaɓi mai jikin alminiyom ko mai 'yar fanka a ciki.

Kada ka ajiye akwatin kusa da taga ko a ɗakin kwano marar silin. Sa ma'aunin zafi a ruwan, ka kafa ƙaramar fanka tana busa samansa. Ruwa zai riƙa ƙafewa, gishiri kuwa ba ya tashi, don haka a cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, a riƙe awon giram 35 a kowace lita.

Mataki na biyar: ƙirga wutar da kake da ita

Murjani na buƙatar haske na awa 8 zuwa 10 kullum, a lokaci guda, sannan duhu. Wanda ya dogara da wutar layi kaɗai ba zai iya riƙe wannan ƙa'ida ba. Ga lissafin a sauƙaƙe: fitila mai wat 30, idan ta yi awa 9, ta ci wat-awa 270. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a ja don ya yi ƙarko. Ka tuna injin da ke juya ruwa ba ya hutawa dare da rana, shi ma sai an ƙirga shi tare da fanka. Dabarar ita ce a tsara fitila ta yi aiki da rana, misali daga tara na safe zuwa shida na yamma, lokacin da farantin sola ke ba da wuta. A haɗa ta da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, domin mutum yana mantuwa.

Mataki na shida: sabar masa a hankali

Ranar da murjani ya iso, kada ka buɗe masa fitila gaba ɗaya. Fara da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfinta, ka ajiye shi a ƙasan akwati, duk mako ka ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. Ka tsuguna ka dube shi da kyau kowace safiya. Idan ya ƙanƙame jikinsa ya ƙi buɗe bakunansa, launinsa yana kodewa, haske ya yi masa yawa. Idan ya miƙe yana neman sama, launinsa ya koma ruwan ƙasa, bai ishe shi ba. Sauya abu guda kawai, ka jira mako biyu kafin ka sake taɓa wani.

Mataki na bakwai: tsafta da kariya

Da hunturu ƙura kan lulluɓe gilashin fitila, ga kuma ɓawon gishiri da ke bushewa a jikinta, duka suna cinye haske. Cire ta daga soket, ka goge da ƙyalle mai ɗan danshi duk mako. Ruwan gishiri na ɗaukar lantarki sosai, don haka soket ya kasance nesa da feshi, waya kuma ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, yadda ɗigon ruwa ba zai bi ta ya shiga ba. A gidan da ke da yara, wannan wajibi ne.

Wanda ya yi lissafi ya ga ba shi da ɗaki mai sanyi ko wuta tsayayya, to ya fara da akwatin ruwan daɗi mai ciyayi, da fitila mai 6,500K na awa 6 zuwa 8, ya koyi aikin a kansa har hali ya samu. Wanda kuma ya shirya, ya nemi murjanin da aka raina a wurin kiwo maimakon wanda aka ɓalle daga teku. Mai karatu, rai ne za ka ɗauko daga nesa ka sa a ƙarƙashin kulawarka. Ka tanadi haskensa da sanyinsa kafin ka biya kuɗinsa.