Daga Dakoro Zuwa Bakin Ruwa: Yadda Za Ka Shirya wa 'Yan Fadarku Yawon Kwale-kwale

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, asusun fada ya ɗan yi nauyi. Sai wani ya ce bana a canza salo, a je a ga ruwa, a shiga kwale-kwale kamar yadda ake gani a waya. Kowa ya yi na'am, aka ɗora maka shirin. Madalla. Ke ma uwar foyandi, in ke aka ɗora wa, matso kusa, da ke nake.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu. Mu mutanen Dakoro 'yan tudu ne. Rijiya muka sani, sai tabkin damina da ke ƙafewa kafin bazara. Yawancin waɗanda za ka ɗauka ba su iya iyo ba, wasu ko ƙafa ba su taɓa sawa a jirgin ruwa ba. Saboda haka duk abin da zai tsare lafiyarsu, a tudu za ka gama shi, tun ba a hango ruwan ba.

1. Zaɓi ruwan da ya yi daidai da ku.

In karon farko ne, ku je tabkin Madarunfa. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kusan kilomita 120 ne ta Kornaka, daga Maraɗi kuma tabkin bai wuce kilomita 25 ba ta kudu. Ruwa ne kwantacce, akwai masunta da tsuntsaye, ga kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara a kewayensa. Hausa ake yi, ba ka bukatar tafinta. Ku kwana a Maraɗi, ku yi sammako, ku dawo da rana tsaka. Ni nan zan tura kowace fada da ba ta taɓa fita ba.

In kun taɓa, kuma asusu ya yarda, sai Yamai. Tafiyar ta haura kilomita 600 daga Maraɗi, ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso. A can Kogin Kwara ne, mai faɗi, mai gudu, da manyan kwale-kwale masu inji da rumfa, waɗanda za su zaga da ku har ku ga gadar Kennedy daga ƙasa.

Mai son bakin teku kuwa, akwai Ganvie a ƙasar Benin, garin da aka gina bisa turaku a cikin tabkin Nokoue, arewa da Kwatano. Daga Abomey-Calavi ake shiga jirgi. Amma tun juyin mulkin Yulin 2023 maganar iyakar Gaya da Malanville ta rikice, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale. Kada ka karɓi dalar kowa da sunan wannan tafiya sai ka tabbatar da halin da hanya take ciki.

2. Tsayar da wata, ba rana kawai ba.

Madarunfa ta fi kyau bayan damina, daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da tabki ke cike. Da bazara ruwan yakan ja baya, ku tarar da taɓo.

A Yamai kogin sau biyu yake cika. Akwai cikar damina a Agusta da Satumba, jan ruwa mai ƙarfi da ke kawo ambaliya. Wannan ku ƙyale shi. Akwai kuma ruwan da ke isowa daga Gini wajajen Disamba da Janairu. Shi ne lokacinku. Daga Afrilu zuwa Yuni kogin yakan janye har rairayi ya fito.

Ranar da hazo ya rufe gari ko iskar hunturu ta tashi da ƙarfi, a ɗaga. Ranar da hadari ya haɗo, ko magana babu.

3. Shugaba ɗaya, ma'aji ɗaya, littafi ɗaya.

Sayi littafin 'yan makaranta. Rubuta sunan kowa, lambar wayarsa, da lambar wani nasa a gida. Gaban kowane suna ka rubuta: ya iya iyo ko bai iya ba. Ka tambaye shi shi kaɗai, ba cikin taro ba, don namiji ba ya son a ji ya ce bai iya ba. Wanda ya ce yana wanka a tabki tun yana yaro, sa shi cikin waɗanda ba su iya ba.

Rubuta kuma mai farfaɗiya, mai hawan jini, mai asma, mai juna biyu. Ba don a hana kowa ba, sai don a san inda za a zaunar da shi da wanda zai zauna kusa da shi. Yaron da ba naka ba, sai uwarsa da ubansa sun ce maka e da bakinsu.

Kwafi biyu za ka yi. Ɗaya a aljihunka, ɗaya wurin wani dattijo da zai zauna a Dakoro.

4. Kasa kuɗin gida biyar.

Mota, masauki, abinci, jirgi, sai kuɗin ko-ta-kwana. Na ƙarshen nan kada a taɓa shi don tsire ko lemo. Na asibiti ne, na taya ne, na kwanan da ba a shirya ba. Ko jika ɗaya ɗaya kowa ya ƙara, ya taru.

Rufe karɓar kuɗi mako guda kafin tafiya. Wanda bai biya ba, bai shiga ba, ko aminin wa ne. Ba rowa ba ce. Mutum uku da suka liƙe a tasha ranar tafiya su ne nauyin da zai danne muku jirgi.

5. Nemi matuƙi tun kana gida.

Kada ku isa bakin ruwa ku 20 sannan ku fara cigiyar jirgi. A nan ne ake karɓar duk abin da aka samu. Kira ɗan'uwa a Maraɗi ko Yamai, ya je da ƙafarsa, ya gaida sarkin ruwa ko shugaban masu jirage na wurin, ya ce a ba shi matuƙin da aka yarda da shi.

Ya tambayo maka abu huɗu: mutum nawa jirgin ke ɗauka, rigunan ceto nawa ne, awa nawa za a yi, nawa ne kuɗin zuwa da dawowa. Ya ɗauko hoton jirgin ya turo ta WhatsApp. A ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran sai an sauke ku lafiya.

6. Lodi. Nan ne zan daɗe.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano. Mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da suka fito zuwa Maulidi. An yi wa jirgin lodi fiye da kima. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah ya jiƙansu. Duk waɗannan jama'a ne irin taku, masu farin ciki, waɗanda ba sa son a raba su.

To, ku rabu. In matuƙi ya ce jirginsa na ɗaukar 12, ku shiga ku 10. In kun fi haka, a ɗauki jirgi biyu, ko a yi sawu biyu. Kwale-kwalen masunta na Madarunfa ƙanana ne, don haka can sawu-sawu za a yi, saura su zauna a inuwa su jira.

Bayan kowa ya zauna, leƙa gefe. In abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai taƙi ba, a rage mutum. Za a ce maka saura ɗaya ne, a yi haƙuri a matsa. Za a ce Allah ne ke tsarewa. Gaskiya ne, kuma Shi ya ba ka ido. Ka ce a'a, fuskarka a sake, ka tsaya a kan a'a ɗinka.

'Yan gida ɗaya kuma kada a zuba su duka a jirgi ɗaya. A kowane jirgi a sa babba mai natsuwa wanda za a ji maganarsa.

7. Rigar ceto, kowa da tasa.

A jiki, a ɗaure, tun kafin a shiga. Rigar da aka zauna a kanta ba ta ceton kowa. Ja ta sama ta kafaɗa: in ta haura kunne, ta yi yawa, a ƙara tsuke ta. Yara a nema musu daidai su.

In mai jirgi ba shi da su, a saya daga asusu. Sa wani a Yamai ko Kano ya nemo muku, su zama kayan fada, baɗi ma a more su. A ƙara da jarka biyu marasa komai, a rufe su gam, a ɗaura musu igiya doguwa. Ba madadin riga ba ne, abin jefa wa wanda ya faɗa ne.

Babbar riga da rawani a bar su a mota. Mata, hijabi matsakaici ya fi mai jan ƙasa, don yadi in ya jiƙe nauyi yake yi, yana kuma naɗe hannu. Goyo kuwa a kwance shi. Kada mace ta shiga jirgi da yaro ɗaure a baya. Jinjiri ma ya fi kyau ya zauna a tudu da wata.

8. Duba jirgin da idonka.

Ruwa na tsattsafowa ta ƙasa? Akwai abin kwarfe ruwa? Akwai filafili ko da injin ya mutu? Man ya isa zuwa da dawowa? In ba ka gamsu ba, a fasa. Asarar kafin alƙalami ba komai ba ce.

9. Faɗa musu dokar zama kafin a tashi.

Ɗaya bayan ɗaya ake shiga, a taka tsakiya, a zauna inda matuƙi ya nuna. Ba tsayuwa don hoto. Ba canza wuri. In an ga abin kallo a gefe ɗaya, kada kowa ya karkata can.

'Yan fada, na san ku da shayi. Murhun gawayi ba ya shiga jirgin da ke da jarkar mai, sigari ma haka. A dafa a tudu, a zuba a fulas.

In wani ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi. A jefa jarka, a miƙa filafili. In jirgin ne ya kife, a riƙe jikinsa, kada a riƙe juna.

10. Dorina ba abar wasa ba ce.

Akwai su a Kogin Kwara. A Nuwamban 2014, a Libore kusa da Yamai, dorina ta kife jirgi, mutum 13 suka rasu, mafi yawansu 'yan makaranta. In an hango su, a kalla daga nesa. Kada wani ya ƙara wa matuƙi kuɗi don ya matsa a samu hoto mai kyau.

Wanka a tabki ma ku haƙura. Ruwan da ke kwance shi ke ba da tsargiya. Wanda ya kai Kwatano kuwa, ya tsaya a rairayi ya sha kallo. Igiyar tekun nan tana janye ƙwararru ma.

11. Rana ce taku, dare ba naku ba.

A shiga ruwa da hantsi, a fito kafin la'asar. Haka ma hanya: kada magariba ta same ku a daji. Yankin Madarunfa yana kusa da iyaka, an kuma sha fama da 'yan bindiga a wasu ƙauyukansa, don haka ka tambayi mutanen gari da jandarma kwana ɗaya kafin ku tashi. A Yamai ku tsaya kusa da birni. Jihar Tilaberi tana cikin dokar ta-ɓaci, Ayoru da kewayenta a bar su sai ƙasa ta lafa.

Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Mai ƙetare iyaka ya haɗa da katin rigakafin shawara. Ka adana lamba 18 ta 'yan kwana-kwana da 17 ta 'yan sanda a wayarka.

12. Guzuri marar nauyi.

Cuku, kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, burodi, da ruwan sha mai yawa. Waya a ƙulle ta cikin leda biyu. Hula ko malafa, maganin ciwon kai, gidan sauro don kwana. Leda ɗaya babba ta shara, a dawo da ita tudu. Masuntan nan da ruwan suke ci da iyalinsu.

Ƙirga mutanenka da suna sau huɗu: a tashar Dakoro, kafin shiga jirgi, bayan fitowa, da kafin mota ta juya gida. Da kun fito daga ruwa, kira dattijon nan da ke riƙe da takarda, ka ce masa an sauka lafiya. Iyaye na can suna sauraro.

Gobe da safe abu biyu kawai nake so ka yi. Sayi littafin, ka fara rubuta sunaye. Sannan ka kira ɗan'uwanka na Maraɗi, ka roƙe shi ya leƙa Madarunfa cikin makon nan, ya gano maka matuƙi, ya ƙirgo rigunan ceto. Sai ya dawo maka da amsa za ka sa rana.