Shawarwari Kan Adana Salsalar Gida

Yawancinmu mun san sunan uba da na kaka, daga nan sai a yi shiru. An jera sarakunan Kano tun daga Bagauda domin suna da masu riƙe musu tarihi. Talaka kuwa shi zai riƙe nasa.

1. Ku fara da tsofaffin mata. Gwaggo ko kaka ta fi kowa sanin wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Ku je mata da goro, ku nemi izininta ku naɗi hirar a waya. In ta shiga wani labarin kada ku katse ta, a nan sunayen ke fitowa.

2. Ku binciko sunan yanka, domin nan wahalar take. Alkunya ta hana uwa faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, wanda ya ci sunan kakansa kuma ya zama Abba har tsufansa. Sai a wayi gari jikoki sun san Malam Dogo da Iya Talatu, amma ba wanda zai ce Usmanu ne ko Hadiza. Ku rubuta laƙabin da sunan gaskiyar tare. Sunan gari da ake ƙara wa suna, kamar Shagari ko Tafawa Ɓalewa, mahaifa yake nunawa, ba mahaifi ba.

3. Kada ku bar dangin uwa. Kawu ma jini ne.

4. Ku rubuta wa ya shayar da wa. Wannan ya fi damuna, domin shi aka fi sakaci da shi. A mazhabar Malikiyya, ko sau ɗaya jariri ya sha nonon wata cikin shekara 2 na farko, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta. A gidan da ake auren zumunci, mantuwa a nan babban haɗari ce.

5. Ɗan riƙo a rubuta shi da sunan mahaifinsa. Hakan ba ya rage ƙauna, kuma yana hana rigima ranar rabon gado.

6. Ku tambayi ma'anar tsagar da ke fuskar tsofaffinku, da sana'ar gidanku ta gado, ƙira ce ko wanzanci ko rini.

7. Ku duba gafakar Alƙur'anin kakanni, wani lokaci akan sami haihuwa da rasuwa a rubuce da ajami. Ku ɗauki hoton takardun, ku tura wa 'yan uwa, har da waɗanda fatauci ya kai Kumasi ko hanyar Makka ta bari a Sudan.