Yadda Direban Babbar Mota Zai Kauce wa Tara a Hanyar Kazaure

Masu cewa "riƙe na goro a aljihu, shi ke nan" su ke jefa sababbin direbobi cikin wahala. Ko riɗi ka ɗauko daga Babura, ko gero daga Roni da Gwiwa, da ka hau titin Kano zuwa Daura kana iya cin karo da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra. Tun a tasha ake shiri.

Fara da takardu: lasin da bai mutu ba (na tirela ajin G ne), inshora da shaidar lafiyar mota. Sai tukunyar kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, fitilu da sigina. Kada ɗan kamasho ya lallashe ka da "ƙara buhu biyar". Tarar obalodi wajen naira dubu goma ce a jadawalin da muka saba, kuma ba shi zai biya ba. In yashi ne ko tsakuwa, rufe da tamfol.

Taya ce ke kayar da mutane. Da yawa zanenta kawai suke dubawa, in bai suɗe ba su ce lafiya lau. Jami'i kuwa gefenta yake karantawa. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi har lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kan ɗauki tayar da ta haura shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. Sau da yawa lambar tana gefen ciki, sai ka durƙusa da tocila, har ta safaya ka duba. 'Yar gwanjo kuwa ba na saya ko da tana sheƙi, don zafin kwalta a watan Afrilu shi ke tona mata asiri.

In an tsayar da kai, sauka gefe, yi sallama, miƙa takardu. An rubuta ka? Karɓi tikiti, biya a banki ta Remita, adana rasit. Miƙa kuɗi a hannu laifi ne mai tararsa daban. Kada ka ja lokaci, motar da aka tsare kullum kuɗin ajiya take ci.

Masu motoci, don Allah ku riƙa sauya taya kafin ku tura yaranku hanya.