KIWON ƘOƘIƘOƘI: DARASIN FARKO GA ƊALIBIN KIMIYYAR ƘWARI

Gabatarwa

Da wuya a sami Bahaushen da bai san Ƙoƙi matar Gizo a tatsuniya ba, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka dubi ƙwaron da ake danganta wannan suna da shi, wato ƙoƙiƙoƙi. A garin Gulma da ke ƙaramar hukumar Argungu ta Jihar Kebbi, da sauran garuruwan fadamar Rima har zuwa Birnin Kebbi, ana ganin ƙoƙiƙoƙi da yawa wajen ƙarshen damina, a cikin shinkafa da gero da jikin danga. Manufar wannan darasi ita ce nuna wa ɗalibi yadda zai yi kiwonta a gida ko a makaranta, domin ya ga rayuwar ƙwaro da idonsa ba tare da ya kashe kuɗi ba.

Wace ce ƙoƙiƙoƙi?

Masana sun sanya ta a rukunin da suke kira Mantodea, wanda ya ƙunshi ire-ire fiye da 2,400, kuma danginta na kusa su ne kyankyaso da gara. Daga cikin manyan ire-iren Afirka akwai Sphodromantis lineola, wadda macenta kan kai kimanin santimita 8. Ita ce masu kiwon ƙwari a Turai da Amurka suke yawan ba sabon shiga shawara ya fara da ita, saboda juriyarta.

Mafarauciya ce mai kwanton ɓauna. Takan naɗe ƙafafunta biyu na gaba masu ƙayoyi, ta yi tsit har abin farauta ya matso, sa'an nan ta cafke shi. Tana iya juya kanta ta dubi gefe da baya. A shekarar 1986 David Yager da Ronald Hoy na Jami'ar Cornell a Amurka suka bayyana cewa kunne ɗaya tak gare ta, a ƙarƙashin ƙirji, wanda ke jin ƙarar nan mai kaifi ta jemage da kunnen mutum ba ya ji. Haka kuma a 2016 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka liƙa wa ƙoƙiƙoƙi ɗan tabarau da kakin zuma, suka tabbatar tana haɗa ganin idanunta biyu ta auna nisan abu, kamar yadda mutum ke yi. Ba ta da dafi, iyakarta ta daddatsi yatsa da ƙayoyinta idan an matse ta.

Mazauni

A nemi kwalba ko roba mai faɗin baki wadda ake ganin cikinta. Tsawonta ya kai aƙalla ninki uku na tsawon ƙwaron, faɗinta kuwa ninki biyu. A rufe bakin da ƙyallen gidan sauro wanke tas, a ɗaure da zare, amma kada a yi amfani da irin wanda aka jiƙa da magani. A jingina tsinke ɗaya ko biyu a ciki, a shimfiɗa ɗan yashi ko takarda a ƙasa. Kowace ƙoƙiƙoƙi da kwalbarta, domin idan aka haɗa biyu, babbar za ta cinye ƙaramar.

A ajiye kwalbar a inuwa. A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasar Kebbi kan wuce digiri 40, kuma kwalbar da rana ta doka kan kashe abin da ke cikinta nan da nan. A nisanta ta da ɗakin da ake fesa maganin sauro ko ƙona shi. Idan tururuwa ko cinnaka sun yi yawa, sai a ɗora kwalbar a tsakiyar faranti mai ɗan ruwa.

Abinci da ruwa

Ƙoƙiƙoƙi ba ta cin ganye ko tsaba, abin da ke motsi take kamawa. Saboda haka dole a ba ta ƙwaro mai rai wanda bai wuce rabin tsawonta ba. Ƙanana sukan rayu da 'yan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ɓawon ayaba. Manya kuwa suna cin ƙuda da fara da gyare da ƙwarin da ke zuwa wurin fitila da dare. Ciyarwa sau ɗaya a kwana biyu ko uku ta wadatar. Cikinta ne ma'auni: idan ya shafe tana jin yunwa, idan ya kumbura a dakata.

A nan akwai gargaɗi ga mazauna fadama. Kada a kamo fara daga gonar shinkafa ko lambun da aka yi wa feshi, domin gubar da ke jikin farar za ta kashe wadda ta ci ta. Game da ruwa, ba a sa mata kasko. Ana yayyafa 'yan ɗigo a jikin kwalbar ko a tsinke, ta tsotsa.

Saɓa

Wannan shi ne lokaci mafi haɗari. Fatar ƙwaro ba ta girma tare da shi, don haka ƙoƙiƙoƙi kan yi saɓa sau da yawa kafin ta balaga, kuma a saɓar ƙarshe ne fukafukanta ke cika. Alamarta ita ce ta ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, ta rataye kai ƙasa a jikin ƙyalle ko tsinke. Daga nan fatar baya za ta tsage, ta zame a hankali, nauyinta na janyo ta ƙasa. Dalilin neman doguwar kwalba ke nan: idan ta taɓa ƙasa kafin sabon jikinta ya bushe, ƙafafu ko fukafukai za su lanƙwashe.

A wannan lokaci kada a taɓa ta, kada a girgiza kwalbar, a kuma fitar da duk ƙwaron da ba ta ci ba, musamman gyare, wanda ke iya cizon ta tana da laushi. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu a koma ciyarwa. Da hunturu busasshiyar iska kan sa tsohuwar fata ta manne, saboda haka a riƙa yayyafi kullum, ko a sa jiƙaƙƙiyar auduga a ƙasan kwalbar.

Namiji da mace da ƙwai

Idan aka dubi ƙarƙashin ciki, mace tana da gaɓoɓi 6, namiji 8, kuma ya fi ta sirantaka da iya tashi. Gaskiya ne mace kan cinye namiji a lokacin barbara, amma ba kullum ba, ya fi faruwa idan tana jin yunwa. Takan zuba ƙwai cikin wani kumfa da ke daskarewa a jikin reshe ko zana, kuma kwanso ɗaya na iya fitar da 'ya'ya fiye da 100. Sabon shiga ba zai iya ciyar da su duka ba. Ya ajiye biyu ko uku, ya saki sauran a lambun da ba a feshi.

Kammalawa

Rayuwar ƙoƙiƙoƙi ba ta cika wuce shekara ɗaya ba, don haka ɗalibi na iya bin ta daga ƙyanƙyasa zuwa tsufa. Ya tanadi littafi, ya rubuta ranar kowace saɓa, da tsawon jiki, da adadin ƙwarin da ta ci a mako. Lissafin zai nuna masa yawan fara da mafarauciya ɗaya ke ragewa, ko da yake ba ta tantance ƙwaro, takan ci har ƙudan zuma. Wanda ya yi wannan nazari zai iya bayyana wa manomin Gulma cewa feshin da ba a auna ba yana kashe mai cin amfanin gona tare da mai cin sa, kuma kwanson ƙwan da ke manne a danga abin bari ne a wurinsa.