Maganin Taɓin Hankali da Zafin Masana'anta

Ya kai ɗan'uwa ma'aikaci a Sharada, Challawa ko Bompai, ka sani a jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin da ba sa jiran umarni. Su ke daidaita bugun zuciya, su tsuke hanyoyin jini, su fito da gumi da yawu, su motsa hanji, su saki fitsari, ko da mutum yana barci.

Magungunan da ake ba mai ciwon jin muryoyi da yawan zargi, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, suna taɓa waɗannan jijiyoyi. Na farkonsu shi ne Largactil, wanda aka soma amfani da shi a Faransa a 1952, ya fitar da marasa lafiya da yawa daga ɗaurin mari. Amma yakan sassauta hanyoyin jini, sai mutum ya miƙe farat ɗaya, jini ya sauka, jiri ya ɗebe shi. Yakan busar da baki, ya ƙulle ciki, ya riƙe fitsari, ya sa zuciya gudu. Artane, da akan haɗa da shi don hana sandarewar jiki, yana ƙara rage gumi.

Nan hatsarin yake. Gumi ne ke sanyaya jiki, ga shi a watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40. Wanda ke tsaye gaban injin narka roba, ko yake ɗaukar fatu a majema, jikinsa na iya ɗaukar zafi bai ankara ba.

Saboda haka in kana shan irin wannan magani, ka riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa. In za ka tashi, ka ɗan zauna tukuna. Kada ka hau tsani ko ka kusanci inji kana jin jiri. Kafin azumi ka nemi shawarar likita. Kada ka daina shan magani da kanka, domin ciwon yakan dawo. Likita ne zai rage ko ya canza.

In aka ga mai shan maganin da zazzaɓi mai tsanani tare da sandarewar jiki da ruɗewa, a kai shi inuwa, a yayyafa masa ruwa, a garzaya da shi asibiti nan take. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano.

Ku kuma shugabannin aiki, kada ku sallami irin wannan bawan Allah. Ku mayar da shi sashen da iska ke shiga, ku ba shi damar zuwa ganin likita.