Ajiyar Takardun Gida Tun Kafin Ruwa Ya Zo

Kowace shekara, da damina ta kusa, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar agajin gaggawa ta NEMA sukan yi ta shela a rediyo: a yashe magudanai, a daina zuba shara a kwata, mazauna bakin kogi su yi hattara. Duk gaskiya ne. Wannan 'yar takarda kuwa an rubuta ta ne kan wani abu da ba a cika ambata ba, wato takardun da ke ɗakin maigida.

Ruwa ba ya sallama. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo Maiduguri mutane na barci. Ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har katangar gidan yari ta rushe. Ba wannan ne karo na farko ba, an yi irin wannan ambaliya a 1994. A Mokwa ta jihar Neja ma, ranar 29 ga Mayu 2025, da asuba ruwa ya auka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa rayuka fiye da 150. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanen Haɗeja da Ringim kuwa ba sai an ba su labarin ambaliyar 2022 ba.

Wanda ya farka ya ji ruwa a ƙafar gado, 'ya'yansa zai sura, da tsohuwarsa. Haka ya kamata, ba mai zarginsa. Amma ruwa zai janye, a lokacin ne wahala ta biyu take somawa. Maigida ya ɗaga katifa ya tarar takardar cinikin gida ta zama kunu, tawada ta narke, ba a gane sunan mai saye bare sa hannun mai unguwa. Shaidu biyu da aka yi cinikin a gabansu sun riga mu gidan gaskiya. Katangar da ta raba shi da maƙwabci ta kwanta, kowa na nuna iyaka inda ya ga dama. Ya je karɓar tallafi, a ce ina lambar NIN. Ya je banki, a ce ina kati. Yarinya ta samu gurbin karatu, a ce ta kawo takardar haihuwa da sakamakon WAEC ko NECO. Kowace ɗaya sai an yi rahoto wurin 'yan sanda, a yi rantsuwa a kotu, a bi layi, a kashe kuɗin mota, alhali tukunya ma ba a ɗora ba. Idan kuwa maigidan ne ruwa ya ci, to marayu da mai takaba su za su sha wannan zirga-zirgar, kuma da yawa a nan ake cinye musu gado.

Ku dubi manomi na ƙwarai da irin shukarsa. Tun ranar girbi yake ware zangarniyar da ta fi ƙosawa, ya ɗaure ta, ya rataye a sama inda hayaƙin murhu zai riƙa bugunta don kada ƙwari su taɓa. Bazara ta yi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, yara na kuka, baƙo ya sauka, amma ba ya sauko da ita a daka. Uwargida ta san inda take, babban ɗa ya sani, ko da Allah Ya yi wa mai gonar rasuwa ba za a rasa abin shukawa ba. Dami guda ne, bai kai a kalla ba a gefen rumbu, amma da shi gona take komawa gona bayan fari. Takardun gida haka suke, kuma irin wannan ajiyar suke bukata.

To, a tattara su wuri ɗaya yau: takardun fili da gida da gona, takardar rabon gado ta kotu, takardar aure, takardun haihuwa na Hukumar Ƙidaya, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, fasfo, takardun makaranta, na fansho, na mota ko babur, katin asibiti da na rigakafin yara. A sa su cikin leda mai kauri, a ɗaure bakinta, a ƙara wata ledar, sannan a sa a jaka mai hannu wadda ko yaro zai iya saɓawa. A rataye ta sama, kusa da ƙofa. Ƙarƙashin katifa da ƙasan akwati nan ruwa yake fara isa. A yi kwafin kowace, a kai gidan ɗan'uwa amintacce a wata unguwa mai tudu. Mai babbar waya ya ɗauki hotonsu ya tura wa kansa ta imel, domin waya ma tana nutsewa. Lambar NIN da ta BVN, kowace lamba 11 ce, a rubuta su a littafi. Wanda ya manta, da layin da ya yi rajista zai danna *346# ya ga ta NIN, *565*0# ya ga ta BVN. Kada a ba kowa waɗannan lambobin don ya kira a waya ya ce shi ma'aikacin banki ne.

A nan dole a yi wa wasu magidanta faɗa. Mutum ya shekara talatin da mace, ta haifa masa 'ya'ya goma, amma ba ta san inda takardar gidan da take kwana take ba, wai sirri ne. Sirrin me? Wani kuma da an yi masa maganar wasiyya sai ya ɓata fuska, ya ce ana yi masa fatan mutuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Hadisin Abdullahi ɗan Umar a Bukhari da Muslim ya kwaɗaitar da mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Wanda ya bar iyalinsa cikin duhu ya kira abin tawakkali, sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi game da kiwon da aka ba shi.

Sauran haɗurran a taƙaice: gobarar hunturu, gara, ɓera, ɓarawo, da gudun hijira na dare ɗaya irin wanda ƙauyukan Zamfara da Katsina suka sani. Jakar nan guda ta wadatar a dukkansu. Takardar da ta jiƙe kuma kada a fizge ta, kada a sa mata dutsen guga. A shimfiɗa a inuwa ta sha iska.

Muna roƙon limamai su faɗa a huɗuba, masu unguwanni su faɗa a ƙofar gida, malaman Islamiyya su gaya wa mata. Kai kuma maigida, idan ka dawo daga sallar isha'i yau, ka kira uwargida da babban ɗanka ka nuna musu inda jakar take.