Darasi: Birkin baya na motar ɗaukar kaya

Ɗan'uwa manomi, kaka ta yi, an fara kai gero da wake kasuwa, albasar Galmi ma tana tafe. In ƙungiyarku tana da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, irin su Hilux, to ka karanta wannan darasi, ka kuma karanta wa direbanku.

Irin wannan mota an yi ta ne don kayan da bai wuce wajen tan 1 ba, wato buhu 10 na kilo 100. Amma mu, da mun ga bayanta ya zauna, sai mu kai ta gareji a ƙara mata lam, wato ƙarafunan nan shimfiɗaɗɗu da ke ɗauke da bayanta. Sai ta miƙe, mu ƙara buhu. Ƙarin lam ba ya ƙara birki ko kaɗan.

Har ma yana rage shi. Ga dalili. A ƙarƙashin yawancin waɗannan motoci, kusa da ƙafafun baya, akwai wata ƴar na'ura mai sanda. In kaya ya danne mota, sandar ta motsa, sai na'urar ta bar man birki ya matsa ƙafafun baya da ƙarfi. In mota wayam take, sai ta rage matsin, don kada tayoyi su ƙame, bayan motar ya juya. To, da aka ƙara lam, mota ba ta zama kamar da. Na'urar tana ɗaukan ba kaya, alhali buhu 15 ne a sama. Aikin sai ya koma kan birkin gaba kusan shi kaɗai. A gangaren duwatsun Adar, wajen Keita ko Buza, ya yi zafi, direba ya taka ya ji ba kamu. Saboda haka ranar da aka taɓa lam, ranar nan makaniki zai daidaita sandar. Wasu sukan cire na'urar su yar. Kada ka yarda. Ranar da kuka dawo daga kasuwa ba kaya za ka gane amfaninta.

Sai a ɗaga mota, a tokare ta da kyau, a cire tambur, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalman birki biyu. In fatarsu ta kusa milimita 2, a sake su, dama da hagu rana ɗaya, kuma a sayi masu kyau, ko da sun fi tsada. A jikin tambur an rubuta iyakar faɗin da zai iya kaiwa. In ya cinye ya wuce nan, sabo za a sa. In ka ga danshin mai a ciki, robar ƙaramin famfon ta mutu. Ƙurar wurin kuwa, kada a hura ta da baki, tana cutar da huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Man birki yana shan danshi, a sake shi duk shekara 2, irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Man inji ba ya shiga nan, yana kumbura robobi.

Akwai masu cire tambur su sa faifai irin na gaba. Yana saurin hucewa, gaskiya ne, amma sai an daidaita na'urar nan da birkin hannu, kuma kuɗin da yawa. Ni dai ban ba ƙungiyar ƙauye wannan shawara.

In an gama, a gwada a hanyar da ba kowa, a gudun kilomita 30, sau ɗaya wayam, sau ɗaya da kaya. Ka sauka ka dubi sawun tayoyi. In bayan ya karkata gefe, ko taya ɗaya ce kawai ta ja ƙasa, ku koma gareji kafin ranar kasuwa.